BINDIGAR DA KE CIN MAI ITA: Wa zai amsa laifin tsagar da aka rufe da fenti?



Duk wanda ke zaune a Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa ya san irin mutumin da zan yi magana a kansa. Saurayi ne ko magidanci, hannunsa na hagu babu yatsa biyu ko uku, ko idonsa na dama ya tsiyaye, ko gefen fuskarsa ya yi ɗigo-ɗigon baƙin albarushi wanda ba ya wankuwa har abada. In ka tambaya sai a ce maka ɗan sa-kai ne, a bakin daga ya samu. Kai kuma sai ka ɗauka harsashin ɓarayin daji ne. Ka ƙara tambaya a tsanake, sai a rage murya a ce maka ai bindigarsa ce ta fashe a hannunsa.

Daga nan kowa sai ya ja bakinsa. Wani ya ce ƙaddara ce, wani ya ce sa'arsa ce ta ƙare, a shafa fatiha a watse.

To ni dai ban yarda a watse ba. Ƙaddara gaskiya ce, duk mun yi imani da ita. Amma tsagar da aka cike da walda, aka goge da magagari, aka shafe da baƙin fenti, hannun mutum ne ya yi wannan aikin, kuma ya karɓi kuɗinsa ya sa aljihu. Akwai wanda ya gyara, akwai dillalin da ya yi rantsuwa, akwai kuma babban mutumin da ya saya da araha ya raba a gaban kyamara. Waɗannan ukun nake nema yau.

Kafin wani ya ce me ya kai manomi riƙe bindiga, bari mu tuna wa juna. A watan Yunin 2020 aka shiga Kadisau ta ƙaramar hukumar Faskari aka kashe mutane da dama. Ranar 11 ga Disambar 2020 aka kwashe ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, sai bayan kwana shida aka sako yara 344. Sabuwa kuwa tana maƙwabtaka da dajin Birnin Gwari, ba sai na faɗa wa kowa abin da hakan ke nufi ba. A watan Agustan 2021, gwamnan wancan lokaci, Aminu Bello Masari, ya tsaya a Jibiya ya ce wa jama'a su nemi makami su kare kansu. A Fabrairun 2023 'yan sanda da bakinsu suka tabbatar da kashe 'yan sa-kai 41 daga ƙauyukan Bakori, waɗanda suka bi sawun shanun da aka sace aka yi musu kwanton ɓauna a dajin 'Yargoje na Ƙanƙara. A Oktoban 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma da muke kira C-Watch, da matasa kusan 1,500 a rukunin farko.

Ke nan maganar ko bindiga na hannun jama'a ta wuce. Tana nan, a bayan ƙofa, a ƙarƙashin gado, a rataye a zaure. 'Yan C-Watch gwamnati ce ta ba su kayan aiki, tana da rajistarsu. Amma bayansu akwai ɗimbin maharba da 'yan banga da masu gadin unguwa da ke kwana a bakin gari da adaka da baushe da harba-ka-ruga, da kuma tsofaffin bindigogin Bature da suka bi hannu biyar ko shida kafin su iso. Tambayar da babu mai yi ita ce: wa ya duba ƙarfen?

Ni difloma gare ni, ban ce ni injiniya ba ne. Amma abin da zan faɗa duk maƙerin kirki ya san shi, duk tsohon soja ya san shi.

Idan aka ja kunama, albarushi ya kama, iska mai tsananin zafi da ƙarfi ke cika bututun cikin ƙiftawar ido. Ita iskar nan ba ta san gaba ba, ba ta san baya ba, kowane gefe take turawa. Dalili ɗaya ke sa harsashi ya fita ta baki: nan ne hanya mafi sauƙi. Ranar da jikin bututun ya fi bakin rauni, ta nan za ta fita. Kuma ƙarfinta ya fi yawa a gindin bututun, daidai inda mai harbi ya kwantar da kuncinsa, da ɗan gaba kaɗan inda hannunsa na hagu ya tallabe. Shi ya sa kullum raunin iri ɗaya ne, yatsun hagu da idon dama.

Bututun bindiga na asali daga dunƙulallen ƙarfe ake huda shi, ba shi da ɗinki. Bututun famfo kuwa faifan ƙarfe ne aka naɗe aka ɗinke shi da walda tun daga sama har ƙasa, don ya ɗauki ruwa aka yi shi. Duk wanda ya sayar maka da bindigar da aka yi da bututun famfo ya ce maka ƙarfen Jamus ne, ya sayar maka da ɗinkin da wata rana zai farke. Wannan shi ne aibi na farko, kuma in an goge an yi fenti ido ba ya ganinsa.

Na biyu tsatsa ce ta ciki. Tokar da baƙin albarushi ke bari tana jan laima. A yi harbi a jingine bindiga ba a wanke ba, damina ta wuce a kanta, sai cikin bututun ya yi ramuka kamar gara ta ci azara. Waje sumul, ciki kuwa ya zama ɓawon ƙwai.

Na uku kumburi. Bakin bindiga ya caki laka a gona, ko tsumman ɗuri ya maƙale a tsakiya, ko zanzaro ya yi gininsa a ciki tana rataye, sai a harba a haka. In Allah Ya kiyaye ba ta fashe nan take ba, wurin zai kumbura kamar macijin da ya haɗiyi ƙwai. Bututun da ya kumbura ya mutu, sai dai a yar. Amma me ake yi? Sai a kai wa mai gyara ya dake kumburin da guduma, ya goge ya daidaita. Ido zai ga ta miƙe, alhali wurin ya ƙara siranta.

Na huɗu, wanda ya fi ci mini rai, shi ne tsagar da aka yi wa walda. Wutar walda tana canja halin ƙarfen da ke kewaye da ita, wani wuri ya yi taushi, wani ya yi gautsi. Sau da yawa ma saman kawai aka rufe, tsagar na nan kwance a ƙasa. Sannan a juya wurin ya koma ƙarƙashin ƙota inda itace zai rufe shi, ko a naɗe shi da fata da roba, a rataya laya biyu a kai. Mai saye ya ga laya sai gabansa ya faɗi don girmamawa, ba zai ce a kwance ba.

Ga kuma inda dillali ke cin galaba. Sai ya ce, “Alhaji, mu je bayan gari ka ji muryarta.” A yi ɗuri kaɗan a harba sau ɗaya, ta yi ƙara, tsuntsaye su tashi, a tafa a biya. Jama'a, tsaga ba ta fashewa a harbin farko. Kowane harbi ƙara mata tsawo yake yi kaɗan-kaɗan, kamar yadda kake lanƙwasa waya gaba da baya har ta karye. Tana iya jure goma, tana iya jure talatin. Sai daren da aka shigo gari, mai ita ya cika ɗuri saboda tsoro, ya harba a jere ƙarfe ya yi zafi, a ranar za ta buɗe. Watau ranar da ya fi buƙatarta ita ce ranar da za ta ci shi.

Akwai wani ƙanena a harkar matasa, ba zan faɗi sunansa ko garinsu ba. Buhun masara ya sayar ya haɗa da kuɗin akuyar matarsa ya sayi bindiga ta hannu wajen wani dillali. Da ta fashe, na je duba shi a asibiti, 'yan uwansa suka nuna mini guntun ƙarfen a cikin leda. Ko yaro ya gani ya san abin da ya faru: bakin karayar rabinsa fari ne tas, sabon karyewa, ɗaya rabin kuwa baƙi ƙirin da tsohuwar tsatsa, ga tabon walda a bayansa. Tsagar ta girmi cinikin. Na ce mu je wajen dillalin. Mahaifinsa ya riƙe mini hannu ya ce, “Ɗana, rufa mana asiri. In muka ɗaga maganar nan, wa za a fara kamawa?”

Wannan tambayar ta dattijon ita ce gindin matsalar gaba ɗaya. In ka sayi babur ta hannu ka tarar injin a fashe, kana da shugaban 'yan kasuwa, kana da mai unguwa, kana da kotu. In ka sayi sa a kasuwar Sheme ka tarar da ciwon da aka ɓoye, akwai sarkin dillalai, akwai shaidu. Amma wanda ya sayi bindiga ba takarda, in aka cuce shi ina zai kai kuka? Ya je ofishin 'yan sanda ya ce an sayar mishi da makami mai aibi? Shi za a fara tambaya lasisi. Dillali ya san haka sarai. Mai waldar ya san haka. Aibin ƙarfen yana ɓoye ne saboda cinikin kansa a ɓoye yake, kuma duk kasuwar da mai saye ba ya iya maido da kaya, ruɓaɓɓen kaya ne ke cika ta.

Alhali a addininmu hukuncin a fili yake. Duk wanda ya yi karatun zaure ya kai babin ciniki a Risala ya ji cewa ɓoye aibin kaya haramun ne, kuma wanda ya saya ya tarar da tsohon aibi yana da zaɓin maidowa ya karɓi kuɗinsa. In haka ne hukuncin wanda ya ɓoye ciwon jaki, ina ga wanda ya ɓoye tsaga a abin da za a kanga a fuska?

Yanzu bari in juyo gida, don kada a ce na tsaya kan ƙananan kifaye.

Mu 'yan siyasa mun mayar da kayan tsaro abin kamfe. Da an ji zaɓe ya matso, ko an kai hari jama'a sun fusata, sai ka ga mai neman kujera ya aiko yaransa da babura da fitilu da takalma, wani lokaci har da bindigogin gargajiya a ɗaure kamar itacen girki. A jera, a ɗauki hoto, mu kuma 'yan soshiyal midiya mu kwana muna yaɗawa, “Jagora ya share hawayen al'umma.” Ni ina tambaya: wa ya sayo? Nawa aka ba shi, nawa ya kashe? Wane maƙeri ya yi? Wa ya kwance ƙota ya duba ƙasan bututun? In an ba yaron gida kuɗin guda ashirin masu kyau, ya je ya kwaso kwance ashirin da aka yi wa kwalliya ya soke canji, wa zai gane a hoto? A hoto duk bindiga baƙa ce.

Ban ware kowa ba. Namu na yi, nasu na yi. Kura da shan bugu, gardi da amsar kuɗi: ɗan talaka ya rasa yatsu, jagora ya samu ƙuri'a. In bindigar ta fashe ba za ka ga an turo mai ɗaukar hoto asibiti ba. Wanda ya ba ka makamin da bai duba ba, ya tura ka gaban ɓarayi masu AK-47, wallahi bai taimake ka ba. Gara ya bar ka da gora da ƙafafunka, aƙalla ka san matsayinka, ba za ka tsaya inda ya kamata ka kauce ba.

Sai kuma masu cewa asiri ne. Wai ɓarayin sun ɗaure bakin bindigar, wai mace ce ta tsallaka ta, wai mai ita ya karya sharaɗin da aka gindaya masa. Haba jama'a! Wannan magana ba ta yi wa kowa amfani sai dillali. Da zarar an ce asiri ne, an wanke shi tas, gobe ma ya kawo wata. Ku ɗauki guntun ƙarfen ku duba bakin karayar. In kun ga baƙi da fari, babu wani boka a cikin maganar. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Kada wani ya ɗauka wannan ciwon namu ne mu kaɗai, ko kuwa ba shi da magani. Birnin Birmingham na Ingila ya yi suna wajen ƙera bindigogi, har da masu arahar da aka riƙa jibgowa gaɓar tekun Afirka ta Yamma a zamanin cinikin bayi. A 1813 majalisar dokokin ƙasar ta kafa gidan gwajin bindiga a birnin, kuma maƙeran da kansu suka nema, su suka ɗauki nauyinsa, saboda ƙirar banza na ɓata wa masu ƙirar kirki suna. Tsarin ba wuya gare shi ba. Kowane bututu sai an kai shi can, a duba shi, a yi masa ɗurin da ya fi na yau da kullum ƙarfi, a harba shi a cikin ginin da babu mutum kusa, a sake dubawa. Wanda ya tsira a buga masa hatimi a jikin ƙarfe. Wanda ya kumbura ko ya tsage ba ya samun hatimi. Har gobe gidan nan na aiki, kuma a dokarsu laifi ne ka sayar da bindigar da ba ta da hatimin. Abin da ya fi dacewa da maganarmu shi ne, ko tsohuwar bindiga ce mai hatimi, in aka taɓa bututunta aka rage masa ƙarfi, hatimin ya faɗi, sai an mayar an sake gwadawa kafin a sayar. Sama da shekara 200 ke nan da wasu suka gane cewa rantsuwar dillali ba ta isa shaida ba.

Mu fa? Muna da dokar makamai ta 1959. Ta kasa bindigogi gida uku: na yaƙi, sai da izinin Shugaban Ƙasa, na ɗaiɗaikun mutane irin na farauta, a hannun Sufeto Janar na 'yan sanda, sai na ɗuri irin namu na gargajiya, waɗanda lamarinsu ke matakin jiha a hannun Kwamishinan 'yan sanda. Dokar nan ta bar ƙofar ba da izinin ƙera bindigogin ɗuri da gyaransu ta hannun hukumar 'yan sanda tare da amincewar gwamna. Yarjejeniyar ECOWAS ta 2006 kan ƙananan makamai ta nemi ƙasashe su yi rajistar masu ƙera makamai na gida, a kuma sa wa kowane makami alama. Muna da masana'antar kayan yaƙi ta DICON a Kaduna tun 1964, nan kusa da mu. Muna da cibiyar ƙasa mai kula da yaɗuwar ƙananan makamai a ƙarƙashin ofishin mai ba Shugaban Ƙasa shawara kan tsaro. A jiha muna da ma'aikatar tsaron cikin gida sukutum, ga kwalejin kimiyya da fasaha ta Hassan Usman Katsina cike da malaman injiniya. Duk da wannan, ku nuna mini rumfa ɗaya tak daga Funtuwa zuwa Ƙanƙara inda ɗan banga zai kai bindigarsa a duba masa ba tare da fargabar kwana a bayan kanta ba.

Na san abin da za a rubuto mini a ƙasa, bari in amsa tun yanzu.

Wasu za su ce ina tona asirin masu kare mu, ɓarayi za su ji cewa makamanmu ba su da ƙwari. Yallaɓai, ɓarawon da ke jin ƙarar adaka kullum ya fi ni da kai sanin abin da ke hannun mutanenmu. Wanda bai sani ba shi ne yaron da ke riƙe da ita. Shi ake ɓoye wa.

Wasu za su ce da babu gara ba daɗi. Wannan karin magana ta tuwo ce da miya. Tuwon da ba daɗi ba ya cire maka hannu. Bindigar da ta fashe a tsakiyar artabu ta kashe mutum biyu a lissafi, mai ita da wanda zai bar wurin tsayuwarsa ya ɗauke shi.

Wasu kuma, kuma su ne masu hujja mafi nauyi, za su ce duba bindiga da buga mata hatimi tamkar halatta yaɗuwar makamai ne, ga shi kuwa an san ɓarnar da wasu 'yan sa-kai suka yi, sun kashe Fulanin da ba su ji ba ba su gani ba a kasuwanni da kan hanya, abin da ya ƙara rura wutar da muke ciki. Wannan gaskiya ce, ba zan musa ba, kuma duk wanda ya ɗauki doka a hannunsa a hukunta shi ko ɗan gidanmu ne. Amma ku duba da kyau. Bindigar da ba ta da lamba, ba ta da rajista, ba a san maƙerinta ba, ita ce ake aikata ta'asa da ita a kwana lafiya. Wadda aka buga wa lamba aka rubuta sunan mai ita a littafin hakimi da na DPO, mai ita zai yi tunani sau biyu. Rajistar da za ta kare yatsun ɗan banga ita ce dai za ta kare ran bafulatanin da ke hanyar kasuwa. Ni ban ce a ƙaro ko guda ɗaya ba. Cewa na yi waɗanda ke nan a san su, a tace su, a karya na karyawa.

Masu cewa a kame maƙera duka a huta, su ma su saurara. An sha kamawa ana nunawa a talabijin, ƙira ta tsaya? Abin da kamen kan-mai-uwa-da-wabi ke yi shi ne ya kori dattijon maƙerin da ya gaji sana'ar, mai sunan da yake tsoron ɓatawa, ya bar fili ga mai waldar ƙofa da taga wanda zai haɗa maka komai cikin dare. Wanda ke ƙera wa ɓarayi makami a kama shi, babu mai tausaya masa. Amma a bambanta shi da maƙerin da garinsu ya san shi tun kakanni.

Ga abin da nake nema, kuma ina roƙon a isar da shi inda ya dace.

Mai girma Gwamna da Kwamishinan 'yan sanda, a ware lokaci na musamman a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, a yi shela cewa duk ɗan bangan da hakiminsa ya san da shi ya kawo bindigarsa a duba, ba kamu. A zaunar da masu kula da makamai na 'yan sanda ko na soja, da Sarkin Maƙeran kowace gunduma, da malami ɗaya daga kwalejin fasaha. Wadda ta tsira a ba ta lamba a rubuta. Wadda ta faɗi a yanka bututunta a gaban mai ita, don kada ta sake komawa kasuwa, a kuma rage masa asara. Duba tsaga ba ya buƙatar na'urar miliyoyi. Tun zamanin da, ma'aikatan jirgin ƙasa na jiƙa ƙarfe da mai, su goge, su shafa farin alli, sai man da ya maƙale a tsaga ya fito ya zana ta a fili. Wannan na kama tsagar da ta fito sama ne kawai, shi ya sa gwajin harbi daga nesa ya zama dole, kuma aikin hukuma ne, ba na yara a bayan gari ba.

Iyayenmu hakimai da dagatai, Allah Ya ja zamaninku, ku kira maƙeran ƙasarku ku yi musu iyaka: ba walda a jikin bututu, ba dukan kumburi, ba bututun famfo. Kowane maƙeri ya sa alamarsa a aikinsa, yadda in ta fashe za a san ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

Jagororinmu na siyasa, duk wanda zai ba da gudummawar tsaro ya bi ta hannun hukuma, a duba kafin a raba. In ba zai iya ba, ya sayi fitila da takalmi da man babur, ya biya kuɗin maganin waɗanda suka ji rauni. Mu kuma matasan da ke riƙe da waya, kada mu sake yaɗa hoton rabon makamin da ba a gaya mana wanda ya duba shi ba.

Kai kuma ɗan uwana mai kwana a bakin gari, kafin hukuma ta farka, ranka a hannunka yake. Ka tabbatar babu ɗuri a ciki, sannan ka sa a raba ƙarfen da ƙota a wanke shi, a kwance duk wata fata da roba, ka gani da idonka. Ka bi bututun da yatsu daga gindi zuwa baki, in ka ji tudu ko kwari, ka ajiye. In ka ga tabon walda, ko wurin da fentinsa ya fi na sauran sabunta, ka ajiye. In hayaƙi na fita ta inda ba baki ba, ko kwanson harsashi na fitowa a kumbure ko a tsage, ka ajiye. Kada ka taɓa zuba garin harsashin zamani a bindigar ɗuri, ƙarfinsa ya wuce abin da aka yi ta domin shi nesa ba kusa ba. Ka duba bakinta kullum kafin ka fita. In kuwa ka gano tsaga, kada ka kai a like maka, kuma don girman Allah kada ka sayar wa wani don ka mayar da kuɗinka. Wanda zai saya ɗan wani ne, shi ma yatsu goma gare shi. Asarar kuɗi ana mayarwa da damina ɗaya mai kyau.

Dillalin da ya ƙi yarda a kwance ƙota a gabanka kuwa, ya riga ya gaya maka abin da ke ƙasa. Ka tashi ka ba shi wuri.

Na san wannan rubutu zai ɓata wa wasu na kusa da mu rai. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Duk wanda ke da ɗan uwa ko maƙwabcin da bindiga ta fashe wa, ya faɗa wa kansilansa da ɗan majalisarsa, a fara ƙirgawa gunduma-gunduma, don ranar da za mu zauna da hukuma mu je da lissafi a hannu. Ku tura wannan ga duk wani shugaban 'yan banga da kuka sani, wanda ba ya karatun boko a karanta masa.

Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya ba masu rauni lafiya, Ya kawo mana ranar da za a mayar da bindigogin nan rataye, maƙeranmu su koma ƙirar garma da fartanya. Amin.